Ƙuri'a 342 da waɗanda suka zauna a gida

Akwai wani maƙwabcinmu tela da muke shan shayi tare da daddare. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, maganarsa ɗaya ce: "Malam, an riga an rubuta sakamako, me zai kai ni shan rana a layi?" Katin zaɓensa na cikin aljihu, amma a banki kawai yake fito da shi. Na daina yi masa wa'azin kishin ƙasa. Lissafin Sakkwato nake kawo masa.

A zaɓen gwamna na 2019, Aminu Waziri Tambuwal na PDP da Ahmed Aliyu na APC sun yi kankankan har hukumar INEC ta ce zaɓen bai kammala ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba. Aka koma zagaye na biyu ranar 23 ga Maris. Da aka tattara, Tambuwal ya samu 512,002, Ahmed Aliyu 511,660. Bambancin 342 ne kacal, a jihar da masu rajista suka kusa miliyan 1.9, waɗanda suka fito kuma suka ɗan haura miliyan ɗaya. Sakkwato na da mazaɓu 244. Ke nan da mutum biyu a kowace mazaɓa sun fasa zaman gida sun dangwala wa wanda ke baya, da wani ne daban aka rantsar. A rana guda aka ƙarasa na Kano, inda Ganduje ya wuce Abba Kabir Yusuf da ƙuri'a 8,982, bayan Abba ne ke gaba a zagayen farko.

Ban ɗora wa kowa laifi ba. Wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a gabashin Sakkwato, ko matar da ta yi ta zarya ba ta samu katinta ba, ba su nake nufi ba. Da masu fushi nake, masu ganin ƙin fita shi ne hukuncin da za su yi wa 'yan siyasa.

To, wa hukuncin ya taɓa? Ba a ƙirga fushi a zauren tattara sakamako. Dokar ƙasar nan ba ta ce sai kaso kaza na masu rajista sun fito kafin zaɓe ya inganta ba. Ko mutum ɗaya cikin goma ne ya fito, za a bayyana wanda ya ci. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaman gidan yana sauƙaƙa wa mai sayen ƙuri'a ciniki. Rumfar da mutum ɗari bakwai suka fito, sai ya kashe kuɗi sosai kafin taliya da sabulu su juya ta. Idan ɗari da hamsin ne, 'yan kwalaye kaɗan sun isa. Waɗanda aka biya kuwa ba sa fashi, tun asuba suna kan layi.

Telan ya ce ai ko ya fita maguɗi za a yi. Na ce masa maguɗin ma yana da iyaka: cike giɓin ƙuri'a ɗari uku aikin rumfa ɗaya ne cikin dare, amma giɓin dubu ɗari sai an taɓa ƙananan hukumomi da dama, a gaban wakilan jam'iyyu da 'yan jarida. Ya yi dariya ya ce a ƙaro masa shayi, zai yi tunani kafin 2027.