Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Goge Goge Ne

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna. Yau aikin kansa zan taɓa, wato kiɗan gogen Turawa a ƙungiyar makaɗan ƙasa ta Ghana, don har gobe akwai 'yan uwa a unguwar Nima ta Akra da ke zaton shagali nake yi.

Da na idar da sallar asuba nake ɗauko gogen. Gidan haya ne, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabci, sai in maƙala 'yar roba a kan jakin don ta danne sautin. In shafa wa izga ƙaro, in bi tsirkiya huɗun nan ɗaya bayan ɗaya har yatsu su warware. Daga nan sai trotro, motar haya, akwatin a kan cinya na rungume shi, don karen mota bai san katako ne mai kaurin farce ba. Iskar tekun Akra da gumin hannu suna cin tsirkiya, ga shi daga waje ake kawo ta, duk faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, a jikina take ƙarewa. In hunturu ya shigo kuma katako ya bushe, maɗaurai su saki, wani lokacin gogen ya tsage.

A wurin gwaji mai busa obo, wata irin algaitar Turawa, ke ba da sautin A, kowa ya daidaita da shi. Sai a shafe hantsi kan layi biyu na kiɗan Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, madugu yana cewa a sake. Mu da ke jere, izgarmu dole ta hau tare ta sauka tare. Wanda ya saɓa, daga kujerar ƙarshe ana ganinsa.

Wannan shi ne abin da Kawu ya kira roƙo. "Goge goge ne, ko an sa masa kwat." A zauren Baba ya faɗa, ranar da aka zauna maganar aurena na farko, a gaban mutanen yarinyar. Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, albashi nake ɗauka." Bai ko dube ni ba. Auren nan bai yiwu ba.

Na san inda ya ɗauko maganar, a wurin kakanninmu goge na 'yan bori ne da gidajen giya. Amma a Yendi masu gonje, gogen Dagomba, gaban sarkinsu Ya-Na suke zama, suna rera tarihin sarakunan Dagomba, Kawu kuwa ya yi fataucin goro ta can, ya gani da idonsa. Ita ma ƙungiyar makaɗan ƙasa a 1959 aka kafa ta zamanin Nkrumah, tare da Philip Gbeho wanda ya tsara kiɗan taken Ghana. Taken da Kawu ke miƙewa tsaye in an buga.

Albashin ba ya kai wata, wannan gaskiya ne. Da yamma ina koyar da 'ya'yan masu hali a East Legon, Asabar kuma biki, mu huɗu a gefen rumfa muna kiɗa mutane na cin abinci. Da kuɗin nan na sa 'yata a makarantar jinya. Da shi kuma aka sayi maganin Kawu lokacin da ciwon suga ya kwantar da shi, ta hannun Yaya nake aikawa, don na san in ya ji daga inda ya fito ba zai sha ba. Goge goge ne. Yaya ta roƙe ni kada in rubuta wannan, na ce mata zan rubuta.

Mako mai zuwa zan koma baya, ga malamin da ya fara ɗora mini goge a kafaɗa.