Godiya ga waɗanda suka raba dare da mu wajen koyon hoton walƙiya da taurari

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Alhamdu lillahi, zaman dare biyu da muka shirya wa sababbin hannu a ɗaukar hoton walƙiya da taurari ya kammala lafiya. Kowa ya koma gida lami lafiya, babu kyamarar da ruwa ya shiga. A madadin masu koyarwa baki ɗaya, muna godiya ga duk wanda ya bar barcinsa ya zo, da waɗanda suka ba da aron sanda mai ƙafa uku da batir, da direbobin da suka tsaya da motocinsu kusa domin a samu mafaka idan hadari ya matso. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Godiyarmu ta musamman tana ga ɗaliban da ba su goge hotunansu da suka lalace ba, suka yarda aka haska su kowa ya gani. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya nuna kuskurensa a gaban jama'a, kuma daga waɗannan hotuna aka fi ƙaruwa. Da yake da yawa sun nemi a rubuta musu abin da aka faɗa a cikin duhu, ga shi nan.

Kuskuren da ya fi yawa a daren walƙiya shi ne jiran ta haska sannan a danna. Yawancin walƙiya ba ta kai daƙiƙa ɗaya, kafin ido ya gani yatsa ya motsa ta riga ta wuce, sai a tashi da baƙin hoto. Ba a farautar walƙiya, tarko ake ɗana mata. A dasa kyamara a kan ƙafa uku, a juya ta inda hadarin ya fi haskawa, a sa ta a kan M, wato saitin hannu, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100 ko 200, ƙofar haske f/8 (lambar f tana ƙaruwa, ƙofar tana tsukewa), sannan a bar idonta a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 30. Yana rufewa a sake buɗe wani, ba tsayawa. Hoto ɗari zai iya fitowa babu komai a ciki, wannan ba lalacewa ba ce, haka aikin yake.

Akwai abin da muke so ya zauna a zuciyar kowa, domin a nan mutane da yawa suka rikice. Tsawon lokacin buɗewa ba shi ke ƙara wa walƙiya haske ba. Ita kanta fitila ce da ke kunnuwa ta mutu nan take, don haka ƙofar haske da ISO su ne ke sa ta fito da rassanta ko ta ƙone ta zama farin dunƙule. Idan ta fito fari fat babu rassa, a tsuke ƙofar zuwa f/11. Idan hadarin yana nesa, ta fito siririya kamar zare, a buɗe zuwa f/5.6. Shi lokacin, aikinsa yana kan gajimare da ƙasa da gine-gine. Shi ya sa wanda ya fuskanci fitilun gari ya bar daƙiƙa 30 ya samu sama ta yi ja kamar gobara. A irin wannan wuri daƙiƙa 4 zuwa 8 sun isa.

Sai batun saita gani, wanda ya ɓata hotuna masu kyau da yawa a dare biyun duka. A cikin duhu kyamara ba ta da abin da za ta kama, sai ta yi ta kai da komo. A mayar da maɓallin idon kyamara daga AF (kyamara ta saita gani da kanta) zuwa MF (saitawa da hannu), a nemi fitila mai nisa ko tauraro mai haske irin Zara, a faɗaɗa shi a kan allo har sau goma, a murza zoben saita gani da ke jikin idon a hankali har hasken ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Kada a dogara da murza zoben zuwa ƙarshensa, domin yawancinsu suna zarce inda ake nema. Idan an samu, a manna ɗan salatif ya riƙe shi. A kashe mai hana girgiza tunda kyamara tana kan ƙafa uku, a kuma yi amfani da rimot ko jinkirin daƙiƙa 2, saboda taɓawar yatsa kaɗai tana motsa hoto. Waɗanda kyamararsu ke yin shiru na wani lokaci bayan kowane hoto, saitin rage tabon dogon buɗewa ne a kunne: hoton daƙiƙa 20 sai ta ƙara wasu 20 tana aiki, a wannan tsakanin walƙiya mafi kyau za ta iya wucewa. A kashe shi.

Muna kuma godiya, godiya ta gaske, ga yadda kowa ya naɗe kayansa ba gardama lokacin da aka ce a shiga mota. Mun san akwai zafi, domin daidai lokacin ne walƙiyar ta fi kyau. Amma sauti yana tafiyar kilomita ɗaya a cikin kusan daƙiƙa 3. Idan tsakanin haskawa da jin tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu tana iya faɗuwa a nesa da inda ake ruwan. Mafaka ita ce gini rufaffe ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Gindin bishiya ba mafaka ba ce, buɗaɗɗiyar rumfa ma haka. Ba a fitowa sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Duk wanda zai fita shi kaɗai nan gaba, don Allah ya riƙe wannan fiye da duk lambobin da ke sama.

Daren taurari saitinsa kishiyar na walƙiya ne, kuma wasu sun zo da saitin jiya sun samu duhu zalla. Hasken tauraro rarrauna ne, sai an buɗe ƙofar iya buɗuwarta, f/2.8 ko f/3.5 ga mai idon 18-55 da ke zuwa tare da kyamara, ISO 1600 zuwa 3200. Waɗanda taurarinsu suka fito da jela kamar waƙafi, ba girgiza ba ce, juyawar duniya ce, digiri 15 a kowace awa. Lissafin da aka saba don sanin iyakar daƙiƙun buɗewa kafin jela ta fito shi ne a raba 500 da tsawon ido, wato lambar milimita da ke jikinsa. Mai kyamara mai ƙaramar sansa, wato farantin da ke kama haske a cikinta, ya fara ninka tsawon da 1.5: ido 18 ya zama 27, a raba 500 da 27 a samu kusan daƙiƙa 18. A ra'ayinmu wannan lissafi ya yi sassauci ga kyamarorin yanzu, gara a tsaya a 13 a ƙara ISO. Da ido 50 kuwa lokacin bai wuce daƙiƙa 6 ba, kuma ya dace da Kaza da 'Ya'yanta.

A zaɓi daren duhun wata, domin farin wata yana wanke ƙananan taurari. Mai son hoton watan kansa ya ɗauke shi kamar abin da rana ke haskawa: f/11, ISO 100, 1/125 na daƙiƙa. Hotunan da suka fara da kyau sannan suka dushe bayan tsakar dare, raɓa ce ta kwanta a gilashi. A riƙa dubawa da tocila, a saka hular idon kyamara, kada a goge da riga. Muna godiya ga waɗanda suka rufe tocilarsu da jar leda, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske ɗaya kuma ya mayar da kowa baya.

Masu waya, ba a bar ku a baya ba. Idan wayar tana da saitin Pro, lambobin ISO da daƙiƙa duk suna aiki, muddin an kafe ta ba a hannu ba. Ga walƙiya, ɗaukar bidiyo a ciro hoto ɗaya ya fi sauƙi, sai dai wani lokaci rabin hoton zai fito da haske rabi duhu, saboda sansar tana karanta hoton layi bayan layi, walƙiyar kuma ta mutu kafin ta gama.

Wanda yake so a duba masa aikinsa ya turo hoton yadda ya fito daga kyamara, na RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, idan akwai, kada ya gyara komai, domin a cikin fayil ɗin muke ganin ISO da ƙofar haske da daƙiƙun da ya yi amfani da su. Waɗanda suka ari ƙafa uku kuma, a duba ɗan farantin da ake ɗaurawa a gindin kyamara kafin a mayar, yawanci shi ake mantawa a jiki.

Mun gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci.