Gadon da ba ya ɓoye aikin kafinta

Shagona ƙarami ne, ni da yarana masu koyon aiki, kuma yawancin abin da muke ci da shi kayan ɗakin amare ne: gado, wadrob, madubi da durowar gefen gado. Gadon da kasuwar Kano ta fi sani shi ne mai katafariyar fuska, an naɗe shi da soso da yadi mai ƙyalli, ga maɓallai ga ruwan gwal, ya sauka har ƙasa ba a ganin ƙafarsa. Muna yinsa, don shi ake nema. Amma a 'yan shekarun nan sai ga ma'aikata matasa da amare 'yan boko suna shigowa da hoto a waya, daga Instagram ko Pinterest, suna nuna wani gado daban. Gajere ne, katakonsa a fili, fuskarsa allo ɗaya miƙaƙƙe, ƙafafunsa sirara masu tsini sun ɗan buɗe waje, ana hango ƙarƙashinsa tas.

Salon nan ba sabo ba ne. Na Turawan Amurka da Denmark ne, daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa shekarun 1960, lokacin da aka gina ƙananan gidaje da yawa, mutane suka buƙaci kayan da ba za su cinye ɗaki ba. George Nelson ya zana wa kamfanin Herman Miller na jihar Michigan wani gado a 1954, mai siririn baki da fuskar saƙa, har gobe ana kwaikwayonsa. Ni dai wanda ya fi kwanta mini a rai Hans Wegner ne na Denmark, don yaron shago ne kamar nawa, yana ɗan shekara 14 ya fara koyon kafinta kafin ya zama mai zane. A Kofanhagan, babban birnin Denmark, kuwa, daga 1927 zuwa 1966 ƙungiyar kafintoci kan yi baje koli duk shekara, mai zane da mai zarto su fito da aiki tare. Shi ya sa idan ka duba kayansu za ka ga hannun wanda ya san halin katako.

Mai kallon hoto yana zaton wannan gadon ya fi sauƙi, tunda babu ado. Ya fi wuya nesa ba kusa ba. A gadon yadi, idan katako ya tsage ko haɗi ya bar ƙofa, soso zai rufe, kuma da MDF, wato allon garin katako da aka matse, da farin katako mai arha ma an tashi gado. A wannan kuwa komai a bainar jama'a yake. Layin jikin katakon shi ne adon, saboda haka tun a 'Yan Katako na Na'ibawa aikin yake farawa. Nakan tsaya a juya mini falanki ɗaya bayan ɗaya, ina neman waɗanda launinsu da layinsu suka zo ɗaya, har dillali ya gaji da ni. Mutanen Denmark tik suka fi amfani da shi, Amurkawa kuma walnat. Mu a nan loko muke sa wa a madadin tik, ga nauyi ga gara ba ta cika kusantarsa ba, sai mansoniya ga mai son duhu-duhu, sai maɗaci ga mai son ja. Ƙurar mansoniya da ta loko suna da illa ga hanci da ƙirji, ba na barin yaro ya goge su ba takunkumi. Madobiya tana da kyau ƙwarai, amma an yi mata sarar rashin imani ana fita da ita Sin, na daina saye.

Babbar jarrabawa ita ce hunturu. Katakon nan daga kudu yake zuwa, jikinsa cike da ruwa. Ka yi gado da shi da damina, ka kai ɗakin amarya yana sheƙi, iskar Disamba tana kaɗawa sai ka ji labarin fuskar gado ta tsage ko ta lanƙwashe. Don haka nake sayen katako tun da wuri, in jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, in bar shi watanni yana shan iska. Kuɗi ne a kwance, kuma ga mai ƙaramin jari irina abin yana ciwo, sai dai ban ga wata hanya ba. Fuskar gado mai faɗi kuma ba na manne ta da gam ta kowane gefe. Ina zura ta cikin tsaga a jikin firam, in bar mata ɗan wurin motsi, ta kumbura da damina ta tsuke da rani ba tare da ta fashe ba.

Sai ƙafa. Tsawonta inci 6 zuwa 8, a gurje ta kauri a sama siriri a ƙasa, a karkata ta kaɗan. Ƙafa mai karkata nauyi kullum yana tura ta waje, idan ƙusa ce kawai ta riƙe ta ba za ta shekara ba. Muna fafe rami a jikin katako mai kauri, mu tura kan ƙafar ciki da gam, mu ƙara ɗaurin kusurwa da noti, yadda idan za a tashi daga gidan haya a kwance shi a sake ɗaurawa. Gado mai tsawo da faɗin ƙafa 6 da 6 dole a sa masa gungume a tsakiya da ƙafar da ba a gani daga waje, ko da babu ita a hoton da aka kawo. Gidajenmu yara na hawa gado su yi tsalle, baƙi mata su zauna a bakinsa su biyar ranar suna. Falankan da katifa ke hawa kuma kada ratarsu ta wuce inci 3. Ina kuma roƙon masu saye kada su ɗora masa katifa mai inci 14 ko fiye, tana haɗiye fuskar gadon, duk fasalin ya tafi. Inci 8 zuwa 10 ya wadatar.

Wurin ciniki ne ake kai ruwa rana, domin amarya ce ke so, uwa ce ke biya. Wata Hajiya ta zagaya gadon da 'yarta ta zaɓa, ta ce, "Malam, wannan ai dangin miji za su ce mun gaza. Kuma ka ce ya fi wancan tsada?" Na ce, "Hajiya, ki ɗaga gefensa ki ji." Ta gwada, ta ji nauyin loko. Na nuna mata haɗin kusurwa, na gaya mata ana share ƙarƙashinsa da tsintsiya ba sai an ja shi ba, kuma babu yadin da kuɗin cizo zai samu mafaka. Damuwarta gaskiya ce, ranar jere ido ake ciyarwa, kuma mutuncin gida ake aunawa da kayan ɗaki. Muka daidaita a kan in faɗaɗa fuskar ta haɗe da durowoyin gefe biyu, wanda dama akwai irinsa a tsofaffin gadajen Denmark, in kuma shimfiɗa jar fatar Kano a tsakiyarta. Tun daga nan fatar ta zama abin da aka fi tambayata, har na samu baduku guda da ke yanka mini ita yana ɗinkewa, ni kuma ina biyansa kan kowace fuska.