Lambar Sirri Ma Amanar Kwamiti Ce

Sana'ata gyaran kwamfuta da haɗa intanet a birori nan cikin Damagaram, wani lokaci a kira ni Mirriya ko Magariya. Aikin yakan kai ni bayan kanta, inda masu dukiyar kansu ba su cika leƙawa ba. Abin da nake gani a can ne ya sa yau nake son magana da ƴan kwamitin gudanarwa, wato alhazai da hajiyoyin da ake zaɓa su sa ido kan kamfani, ko asusun ajiya da lamuni, ko ƙungiyar ƴan kasuwa. Sukan bi lissafin shekara layi-layi, su tambayi kuɗin man mota da na fenti, amma da an zo kan kwamfuta sai a ce wannan na mai gyara ne. Ni ne mai gyaran, kuma ina gaya muku nauyin ya fi ƙarfina. Ba ni da ikon ware ko dala a kasafi, ba ni da ikon ce wa darakta bari. Ku ke da wannan ikon.

Akwai wani asusun ajiya da na yi wa aiki, ba zan faɗi sunansa ba. Matan da ke sayar da ƙuli-ƙuli da ƴan tebur na Kasuwar Dole nan suke kai ɗan abin da suka samu, jika biyu, jika biyar. Da na ɗaga allon rubutun kwamfutar mai karɓar kuɗi, sai ga lambar sirri a takarda an manna da salatif. Duk masu karɓar kuɗin da suna ɗaya suke shiga, don haka ko an taɓa lissafi ba mai iya cewa hannun wane ne. Wani ma'aikaci da ya bar aiki tuntuni, sunansa na nan a buɗe. Kwafin bayanan kuwa a ƙaramin kili ɗaya na USB yake, cikin aljihun teburin da kwamfutar ke kai, kuma rabon da a sabunta shi tun kafin azumi.

Na roƙi darakta ya bar ni in yi wa kwamiti bayani da bakina, ya yarda. Na ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, in wannan kwamfutar ta ƙi tashi gobe, da me za a san wance tana bin asusu nawa?" Ya ce, "Malam, ai mun sa ƙofar ƙarfe, ga mai gadi dare da rana." Dattijo ne mai amana, kuma iyakar ɓarawon da ya sani ke nan, mai haura katanga. Wata hajiya da ba ta ce komai ba tun farkon zama sai ta juyo ta ce, "Ɗana, tsaya. Mutum nawa ne a gidan nan ke iya taɓa kuɗin jama'a ba tare da wani ya sani ba?" Ɗakin ya yi tsit, don shi kansa darakta bai da amsa. Hajiyar nan ba ta taɓa kunna kwamfuta ba, amma a ranar ita ta yi aikin kwamiti.

Kada wani ya ce mu a nan wa ya san da mu. A Nuwamban 2022 kamfanin bincike na Group-IB tare da masana tsaro na Orange suka fitar da rahoto kan wani gungun ƴan kutse masu jin Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari fiye da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi, akasari a Afirka, suka kwashe aƙalla dala miliyan 11 na Amurka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa. Yadda suke yi ne ya fi tsaya mini a rai. Wasiƙar imel ce za su aiko wa ma'aikaci, kamar daga hukumar haraji ko mai neman aiki. Da ya buɗe sun shiga. Sai su lafe watanni suna kallon yadda ake aiki, wa ke tura kuɗi, wa ke amincewa. Ranar da suka shirya, galibi ƙarshen mako ko lokacin hutu, su zuba kuɗin cikin asusun mutanen da suka ɗauka haya, a cire ta na'urar ATM kafin Litinin. A 2023 aka kama wanda ake zargin jigonsu ne a Kodebuwa, da taimakon Interpol.

In irin wannan ta faru, kan wa alhakin ke faɗawa? A Amurka an riga an gani. A ƙarshen 2013 aka sace bayanan katin banki miliyan 40 daga kantunan Target, kuma ɓarayin sun shigo ne ta hannun wani ƙaramin kamfani mai yi musu aikin na'urorin sanyaya wuri. Shugaban kamfanin, Gregg Steinhafel, ya sauka a Mayun 2014, har aka shawarci masu hannun jari su kayar da bakwai daga cikin ƴan kwamiti goma. Na Equifax, kamfanin da ke tara bayanan bashin mutane, ya fi muni. An fitar da gyaran wata kafa a manhajarsu a Maris na 2017, ba a ɗora shi ba, ƴan kutse suka bi ta nan suka ɗebe bayanan mutum kusan miliyan 147. Shugaban ya tafi, kamfanin ya amince da biyan abin da ya kai dala miliyan 700. Daga 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ta wajabta wa kamfanoni su sanar da babban kutse cikin kwana huɗu na aiki, su kuma rubuta a rahoton shekara yadda kwamitinsu ke sa ido kan wannan haɗari.

Wanda na fi ba abokan aiki labari shi ne na Maersk, mai jigilar kwantena a teku. A Yunin 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta cinye na'urorinsu a duniya baki ɗaya, sai da suka sake ɗora kwamfuta 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000, asarar ta doshi dala miliyan 300 na Amurka. Kwafin da suka farfaɗo da shi an same shi ne a ofishinsu na Gana, inda aka ɗauke wuta kafin cutar ta iso, na'urar ta tsira don a kashe take. Mu da muka san ɗaukewar wuta a watan zafi muna iya gane wannan. Amma kwamiti ba zai jingina ajiyar marayu da zawarawa ga sa'a irin wannan ba. Kwafi na biyu sai a ajiye shi da gangan, a wani gini dabam, ba a haɗe da intanet ba, kuma lokaci-lokaci a gwada shi a ga ko yana buɗewa.

Dokokinmu ma ba su yi shiru ba. Dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, ta ɗora wa kwamitin gudanarwa, mai mutum uku zuwa goma sha biyu, nauyin tsara alkiblar kamfani da binciken duk abin da ya ga ya dace a bincika. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, tana kuma da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP. Duk wanda ya tara sunayen mutane da lambobin wayarsu da hoton katinsu, amana ya ɗauka a gaban hukuma, ba a gaban Allah kawai ba.

Ba ina cewa alhaji ya koma aji ya koyi kwamfuta ba. Tambaya nake so ya riƙa yi, a kowane zama, a kuma rubuta amsar cikin takardar taro. Wa ke da lambar shiga, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki wa ke rufe tasa? In saƙo ya zo ta WhatsApp da hoton darakta yana cewa a tura miliyan biyu yanzun nan yana kan hanyar Yamai, kontabil yana da izinin ya dakata ya kira shi a lambar da ya sani? Wannan ita ce mai wuya a wurinmu, domin an tarbiyyantar da mu kada ƙarami ya ja da na gaba, kuma ɓarayin sun san haka sarai. Kwamiti kaɗai ke iya cire wa yaro wannan kunyar, ta hanyar rubuta ƙa'ida cewa kuɗi ba ya fita sai da amincewar mutum biyu, kamar dai yadda cek ke buƙatar hannu biyu, ko da darakta ne ya ba da umarni.

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta zaman yakan yi tsami. Manhaja ta asali tana da tsada, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta tafi yana da tsada, horar da ma'aikata ma haka, kuma babu ɗayansu da ake gani da ido kamar sabon fenti ko babur. A asusun nan da na ba ku labari, hajiyar ce ta dage sai da aka ware wa abin layinsa a kasafi. Aka ba kowane mai karɓar kuɗi sunansa da lambarsa, aka rufe na waɗanda suka tafi, aka sayi faifan ajiya na biyu da ma'ajin kwamiti ke tafiya da shi gida duk Alhamis. Abin da suka ƙi amincewa da shi har yanzu shi ne a kawo wani daga waje, wanda ba ni ba, ya binciki aikin da na yi. Sun ce sun yarda da ni. Na gode da yardar, amma ina nan ina roƙonsu, domin Jami'ar André Salifou na yaye matasan da za su iya wannan binciken, kuma mai gyara ma bai kamata a bar shi shi kaɗai da makullan gidan duka ba.