Kaboyi a kunne

Ɗan yayata ne ya zuba min su a memori da ya ga ido ya fara hana ni kallon waya: tsofaffin wasannin kaboyi na rediyon Amurka. Yanzu bayan isha'i, in an ɗauke wuta, sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura a Katsina, in ɗora wayar a ƙirji in lumshe ido.

Sauti ne ya fara kama ni. Takun doki, kukan sirdi, ƙaimi yana kacau-kacau a kan katako. Duk wanda ya tashi yana kutsawa Ƙofar Soro ranar hawan sallah ya san hucin doki bayan sukuwa, to shi nake ji, alhali sau da yawa ɓawon kwakwa kawai ake bugawa a ɗakin watsa shiri.

Gunsmoke na fi so. Gidan CBS ya fara watsa shi a 1952, aka yi ta yi har 1961. Labarin Matt Dillon ne, jami'in doka a Dodge City ta jihar Kansas. William Conrad ke masa murya, murya mai kauri kamar daga rijiya. Da aka kai shirin talbijin a 1955 sai aka ba James Arness, dogon mutum, matsayin Dillon, shi kuwa Conrad mai jiki ne. Ni dai har gobe Dillon na rediyo nake gani.

Ba ƙwarewar harbinsa ke riƙe ni ba. Mutum ne da bindiga a ƙugu amma ba ya marmarin zaro ta. In gari ya taru da igiya za a rataye ɓarawo, shi ke tsayawa a ƙofar kurkuku ya ce sai alƙali ya yi hukunci, ko da ya san ɓarawon ɗan iska ne. Wani lokaci yakan makara, ya tarar an riga an yi ɓarna, sai ka ji muryarsa ta yi sanyi. Wani shirin kuma, The Lone Ranger, da ya faro a Ditiroit a 1933, jaruminsa harsashin azurfa yake ɗurawa don ya riƙa tuna tsadar rai, kuma ba ya harbi don kisa. Wannan ya fi kama da tatsuniya, kuma yadda ake sa abokinsa Tonto, ɗan asalin ƙasar, yana gwamutsa Turanci ba ya min daɗi.

Mu a jihar nan satar shanu ba labarin rediyo ba ce. Maƙwabcina ya baro ƙauyensu a yankin Batsari bayan an kore musu garke. Shekaranjiya ya zauna kusa da ni, ina fassara masa wani kashi da aka sace wa wani makiyayi shanu. Bai tambayi wa ya harbi wa ba. Ya ce, "Malam, to an mayar wa mutumin da shanunsa?"

Na ce masa sai mun kai ƙarshe. Ya gyara zama, ya matso da kunnensa kusa da wayar.