Tsohon injin buga bana

Yau injin buga bana, wato manyan ledojin talla, ya rikice ana tsakiyar aiki, rubutu na fitowa bibbiyu. Kowa a shago ya ce hed, wato kan da ke fesa tawada, shi ne ya mutu, gabana ya faɗi saboda tsadarsa. Sai ga maigidana daga Wunti, a garin Bauchi. Bai taɓa komai ba, ya ce, "Kunna in ji, yaro." Ya kasa kunne, sannan ya nuna siririyar robar nan mai zane-zane da injin ke karantawa don sanin inda hed yake. Ƙurar hunturu da feshin tawada sun rufe ta. Ya goge a hankali da tsumma mai laushi, aiki ya dawo.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Baba ya manyanta, kuma har yanzu ban iya jin injin nan kamarsa ba.