Akwatin kakan kakansu

Yau abokin karatuna ya kai ni gaishe da kakarsa a wani ƙauye kusa da São Leopoldo, a kudancin Brazil. Bayan mun ci abinci sai tsohuwar ta ja ni ɗaki, ta nuna mini wani akwatin katako da ya yi baƙi saboda tsufa. Da shi kakan kakansu ya taso daga yankin Hunsrück na Jamus, ya bi sawun Jamusawa 39 da suka fara sauka a garin a Yulin 1824. Kurmi aka yanka masa a matsayin gona. Mutumin da ya saba da alkama da dankalin turawa, sai ga shi yana sare itatuwa yana koyon shuka rogo da masara da baƙin wake.

Tana shafa murfin akwatin tana magana da Jamusancin ƙauyensu, wanda gwamnatin shugaban Brazil na wancan lokacin, Getúlio Vargas, ta hana yi a bainar jama'a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta ce mai akwatin bai sake ganin mahaifiyarsa ba har ya mutu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Tunda na dawo, uwar nan da aka bari a Jamus nake ta tunani, yadda ta ƙarasa rayuwarta ba ɗanta.